Numfashin Kafofin Hanci Bi-da-bi a Ma'aunin Shari'a: Tsokaci a kan Wata Muhawara a Gozaki

Tsakure

Wannan maƙala tsokaci ce a kan wani salon numfashi da ya fito daga littattafan yoga na ƙasar Indiya, wanda ake toshe kafar hanci ɗaya a shaƙi iska ta ɗayar, sannan a sauya. Salon ya iso garuruwan kudancin Katsina ta wayoyin hannu, ya kuma raba kan ɗaliban ilimi gida biyu: masu cewa shirka ce tsantsa, da masu cewa sunna ce da aka manta. Maƙalar ta koma ga littattafan da suka zo da aikin, da abin da likitoci suka tabbatar, da ƙa'idojin malaman fiƙihu. Ta nuna cewa ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kuskure ɗaya, wato ɗaukar al'ada a mayar da ita ibada, kuma yunƙurin yi wa aikin rigar Musulunci ya fi aikin kansa haɗari.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

A hutun da ya biyo bayan kakar da ta gabata na je gida Gozaki, tsohon garin nan na noman auduga da ke Ƙaramar Hukumar Kafur, a yankin noma na Malumfashi da Funtuwa. Washegari bayan sallar Asuba na shiga gaida ƙanen mahaifina, na same shi zaune a kan buzu, ya fuskanci gabas, ya danne kafar hancinsa ta dama da babban yatsa yana jan iska ta hagu, leɓɓansa suna motsi. Da ya kammala na ce, "Baffa, lafiya dai ko?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Maganin hawan jini ne na Annabi, yaran nan suka saka mini a waya." Da na bincika sai na gano ya yi kusan mako uku bai sha ƙwayar da likita ya rubuta masa ba. Muka je aka gwada shi a ranar, aka tarar jinin ya hau fiye da yadda yake kafin ya fara shan magani.

A cikin makon kuma na sami labarin wani matashi ɗalibin ilimi da ya daina bin na'ibin limamin masallacin unguwarsu salla, saboda ya gan shi yana wannan numfashi, kuma a wurinsa wanda ya yi ibadar Indiyawa ya yi shirka. Aiki ɗaya ke nan ya kusa jawo wa dattijo shanyewar ɓarin jiki, ya kuma kai matashi ga bakin kafirta Musulmi.

Tushen abin wata murya ce da ke yawo a WhatsApp, babu sunan mai maganar, babu na malaminsa. Da'awarta huɗu ce. Ta farko, wannan numfashi yana wanke jijiyoyi, yana warkar da hawan jini da ciwon suga da asma har mutum ya rabu da magani. Ta biyu, asalinsa sunna ce, hujja kuwa shaƙa ruwa da facewa a alwala. Ta uku, a yi shi da hudowar rana ana fuskantar gabas, a ja numfashi ana ambaton wani sunan Allah sau 4, a riƙe ana ambatonsa sau 16, a saki ana ambatonsa sau 8. Ta huɗu, mai fita kasuwa ko gona ya duba kafar hancin da ke buɗe: in dama ce sa'a ce, in hagu ce ya dakata.

Karɓuwar irin wannan saƙo ba abin mamaki ba ce. Mutanen wannan yanki sun daɗe barcinsu rabi da rabi ne. Sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamban 2020, da harin da aka kai wa masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agustan 2025, misalai ne kawai na abin da ke hana zukata kwanciya. Manomin da ke noma yana waiwaye, wanda kuɗin magani da kuɗin taki ke gogayya a aljihunsa, in aka ce masa ga waraka kyauta kuma da lada, da wuya ya tsaya tambaya. Alhakin tambayar yana wuyan malamai.

2.0 Surar aikin da asalinsa

Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin surarsa. Surar aikin ita ce: mutum ya zauna a miƙe, ya danne kafar hanci ta dama da babban yatsa ya shaƙa ta hagu, sannan ya danne ta hagu da yatsan da ake sa zobe ya fitar ta dama, ya shaƙa ta daman, ya fitar ta hagu. Wannan zagaye ɗaya ke nan. Wasu suna riƙe numfashin a tsakani, wasu ba sa riƙewa. Masu shi suna kiransa nadi shodhana a harshen Sanskirit, wato tsarkake magudanai, ko kuma anuloma biloma. Yana cikin babin sarrafa numfashi da suke kira faranayama, wanda shi ne rukuni na huɗu cikin rukunai takwas da Patanjali ya jera a littafinsa Yoga Sutra.

Cikakken bayaninsa yana babi na biyu na Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya wallafa a ƙarni na 15 Miladiyya. A aƙidar littafin, jikin ɗan Adam yana da magudanai 72,000 da ƙarfin rayuwa ke bi. Uku ne manyansu: ida ta hagu da ake danganta wa wata, pingala ta dama da ake danganta wa rana, da sushumna da ke tsakiya. Manufar numfashin ba saukar da jini ba ce. Manufarsa a wanke magudanan har ƙarfin ya shiga ta tsakiya, ya kai mai aikin ga kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, abin da malaman aƙida ke kira tanasuhi. Littafin ya umarta a yi shi sau huɗu a yini, da safe da tsakar rana da yamma da tsakar dare, ya kuma yi alkawarin tsarkakar magudanan cikin wata uku.

Wani littafin da ya zo daga baya, Gheranda Samhita, ya ƙara abubuwa biyu da suka shafi mas'alarmu. Ya ce mai aikin ya fuskanci gabas ko arewa, ya kuma ƙayyade ƙirga: 16 a shaƙa, 64 a riƙe, 32 a saki, wato ma'aunin ɗaya da huɗu da biyu. Sannan ya kasa aikin gida biyu. Akwai wanda ake haɗawa da kalmomin bauta, inda mai shaƙa ke halarto da Barahma a zuciyarsa, mai riƙewa ya halarto da Bishnu, mai saki ya halarto da Shiba, kowanne da harafi ɗaya daga haruffan kalmar Om. Akwai kuma wanda ake yi ba tare da waɗannan kalmomi ba. Ke nan masu abin da kansu sun san motsin yana iya rabuwa da bautar.

Akwai kuma wani fanni daban da suke kira suwarodaya, wanda shi duba ne da numfashi: a lura da kafar da iska ta fi bi a lokacin, a yanke cewa wannan aiki ya dace da numfashin rana, wancan da na wata, a kuma yi hasashen nasara ko asara, lafiya ko mutuwa.

Saboda haka abin da ake kira da suna ɗaya abubuwa uku ne a haɗe: motsin yatsa da huhu, aƙidar magudanai da alloli, da duba. Duk wanda ya ba su hukunci ɗaya ya zalunci ɗaya daga cikinsu.

3.0 Ba baƙon al'amari ba ne ga malaman Musulunci

Mai ganin wannan mas'ala ta zamanin intanet ce bai duba tarihi ba. Abu Raihan al-Biruni, mai littafin Tahƙiƙu ma lil-Hind da ya kammala wajen shekarar 1030, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci da sunan Kitabu Batanjal. Hanyarsa ita ce ya faɗi abin da mutane suka yarda da shi yadda yake, ba tare da ya sauya masa kama ba.

Wata hanyar ita ce ta littafin Haulul Hayat, fassarar Larabci ta wani littafin yoga mai suna Amiritakunda. Gabatarwarsa ta ce an fassara shi a birnin Laknauti na ƙasar Bengal a farkon ƙarni na 13 ta hannun Alƙali Ruknuddin as-Samarƙandi. Manazarci Carl Ernst, a wani bincike da ya buga a 2003, ya nuna cewa wannan labari ba ya tsayawa a gaban tarihi, kuma mai fassarar ya riƙa cire kalmomin Hindu yana sa na Musulunci a gurbinsu, yana cusa ayoyi da hadisai. An ma jingina wasu kwafe-kwafen littafin ga Ibnu Arabi don su sami karɓuwa. Duk da wannan sabuwar riga, babin numfashin rana da na wata da hasashen da ake yi da su yana nan daram a cikinsa. Daga baya Muhammad Gaus na Guwaliyor, shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya da ya rayu a ƙarni na 16, ya fitar da fassarar Farisanci mai suna Baharul Hayat. Labarin ya iso har Afirka, domin Muhammad bin Ali as-Sanusi, wanda ya rasu a 1859, ya ambaci 'yan yoga a littafinsa As-Salsabilul Ma'in.

Darasin a bayyane yake. Al-Biruni ya bar abin da sunansa, don haka bai ruɗi kowa ba. Mai Haulul Hayat ya sauya sunaye, sai duba ya shigo a ƙarƙashin ayoyi. Muryar da ta iso Gozaki 'yar gidan hanya ta biyu ce, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

4.0 Abin da likitanci ya tabbatar

Sauyawar kafofin hanci gaskiya ce, amma ba gaibu ba ce. Likitan Jamus Richard Kayser ya bayyana ta a 1895: naman da ke cikin hanci yana cika da jini ya kumbura a gefe ɗaya, ya saki a ɗayan, bayan 'yan sa'o'i su yi musaya. Jiki ne ke yin haka da kansa, kamar yadda yake narka abinci. Kwanciya ma tana sauya shi, domin kafar da ke ƙasa ita ke toshewa. Wanda ya kwanta a gefensa na dama yadda sunna ta koyar, kafarsa ta hagu ce za ta buɗe. A lissafin mai muryar ke nan, bin sunnar kwanciya yana jawo rashin sa'a. Wannan kaɗai ya isa ya rushe da'awa ta huɗu.

Haka nan kafofin biyu suna haɗuwa a bayan hanci, iskar ta gauraya kafin ta sauka maƙogwaro. Babu kafar da ke da huhunta, babu kuma likitan fiɗa da ya taɓa ganin ida ko pingala.

Amfanin da ya tabbata yana cikin sassauta numfashi. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Zuciya tana ɗan ƙara sauri in an shaƙa, ta rage in an saki, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da huhu da ciki, wadda likitocin Larabawa ke kira al-asabul ha'ir. Idan numfashi ya sauko zuwa kimanin sau shida a minti, tasirin wannan jijiya yana ƙaruwa, jiki ya saki, fargaba ta ragu. Toshe kafa ɗaya dabara ce da ke tilasta wannan sassautawa, ta kuma tattara hankali wuri ɗaya.

A 2001 Luciano Bernardi na ƙasar Italiya da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Sun gwada masu karanta addu'ar carbin Kiristoci mabiya Katolika da Latinanci, da masu karanta kalmomin yoga, suka tarar duka biyun sun sauko da numfashi zuwa kusan shida a minti, tasirinsu a kan zuciya kuma iri ɗaya ne. Ma'anar wannan ga mai nazarin aƙida babba ce: amfanin na tsarin numfashi ne da Allah Ya halicci jiki a kansa, ba na kalmomin ba, ba kuma na wanda ake kira da su ba.

Amma amfanin yana da iyaka. A 2013 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta tace binciken da aka yi a kan hanyoyin saukar da jini ba da magani ba. Ta ga hujja mai ɗan ƙarfi ga sassauta numfashi da taimakon na'ura, ta ga hujjar yoga ba ta isa ba a lokacin, ta kuma fifita motsa jiki irin na tafiya da sauri a kan dukkansu. Ba ta ce ɗayansu ya maye gurbin magani ga wanda jininsa ya kai a ba shi magani ba. Hawan jini kuwa ciwo ne mai yin ɓarna a ɓoye. Mutum yana jin garau yana lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Riƙe numfashi na tsawon lokaci kuma bai dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mai juna biyu ba, haka wanda ƙurar auduga da ta masussuka da hazon hunturu suka riga suka taɓa masa ƙirji. Hatha Yoga Pradipika kansa ya yi gargaɗin cewa yin aikin ba bisa ƙa'ida ba yana jawo shaƙuwa da tari da asma da ciwon kai.

5.0 Tsokaci a kan masu haramtawa kai tsaye

Kishin tauhidi da ya motsa waɗannan ɗalibai abin yabo ne, hujjarsu kuma tana da tushe. Sun dogara da hanin kamanceceniya da waɗanda ba Musulmi ba, wanda Ibnu Taimiyya ya faɗaɗa a Iƙtila'us Siraɗil Mustaƙim, da kuma fatawar majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya da ta hana Musulmi yin yoga a watan Nuwamban 2008. Sai dai sun yi kuskure a wurare uku.

Na farko, sun ɗauki rabin labarin fatawoyin. Dalilin majalisar Maleshiya shi ne haɗuwar motsa jiki da kalmomin bauta, kuma firaministan ƙasar na lokacin, Abdullah Ahmad Badawi, ya bayyana daga baya cewa wanda ya yi motsa jikin ba tare da kalmomin ba babu laifi. A watan Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya, a taronta na Padang Panjang, ta rarrabe mas'alar gida uku: wadda ibadar wani addini ce tsantsa haramun ce, wadda ta gauraya da kalmomin bauta haramun ce don toshe kafar ɓarna, wadda kuwa atisayen numfashi ne kawai don lafiya halas ce. Wannan rarrabewa ita ta fi kusa da hanyar malaman fiƙihu.

Na biyu, zuwan abu daga wata al'umma ba shi ke haramta shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Ƙais bintu Mihsan cewa Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da amfani da itacen ƙusɗu na Indiya, har ya nuna a ɗura shi ta hanci don ciwon maƙogwaron yara. Maganin Indiya ke nan, ta hanci kuma. Muslim ya ruwaito daga Aufu bin Malik cewa da sahabbai suka tambaya game da tofin da suke yi a jahiliyya, bai ce su watsar baki ɗaya ba. Cewa ya yi su kawo masa ya gani, ya halatta wanda babu shirka a cikinsa. In har tofi, wanda magana ce da ake neman waraka da ita, an tace shi an bar mai kyau, motsin yatsa da huhu ya fi cancantar a tace shi. Ibnu Hajar ya kawo a Fatahul Bari cewa an tambayi Imamu Malik game da sa alkyabba ya ce babu laifi, da aka ce masa tufar Nasara ce ya amsa da cewa ana sa ta a Madina. Abin da hani ya shafa shi ne abin da ya keɓanta da addininsu ya zama alamarsu. A kan wannan tafarki malaman Sakkwato suka tafi: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna yana amfana da ilimin likitocin da suka gabata, bai tsaya kan wanda ya zo a hadisi kaɗai ba.

Na uku, kuma mafi muni, shi ne tsallakawa daga hukunta aiki zuwa hukunta mutum. Na'ibin da aka ƙaurace wa bai taɓa jin sunan Barahma ba, bai san ida ba balle sushumna. Shirka tana tabbata da bauta wa wanin Allah ta hanyar ƙuduri ko furuci ko aikin da ba ya ɗaukar wata fassara, kamar sujada ga gunki. Danne hanci ba ya cikin wannan. Mai mura ma yana yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi fama da ɗaliban zamaninsa da ke kafirta talakawa a kan abin da bai kai ba, ya kuma yi musu raddi a rubuce. Raba sahun salla a kan zato ɓarna ce tabbatacciya da aka aikata don gudun wadda ba ta tabbata ba.

6.0 Tsokaci a kan masu yi masa rigar Musulunci

Wannan ɓangare ya fi samun karɓuwa, kuskurensa kuma ya fi zurfi.

Cewa aikin sunna ce ƙarya ce ga Manzon Allah (SAW), kuma gargaɗin da ya zo a kan yi masa ƙarya da gangan yana cikin hadisai mutawatirai. Shaƙa ruwa da facewa tsarki ne da ruwa a cikin alwala. Littattafan da muka tashi da su a zaure, Ahalari da Ishmawi da Risala, sun bayyana su dalla-dalla, babu sauya kafa, babu riƙe numfashi, babu ƙirga. Abin da ya haɗa ayyukan biyu hanci ne kawai, kuma tarayya a gaɓa ba ta zama illar ƙiyasi.

Ƙirgar 4 da 16 da 8 kuwa ba ta fito daga wani littafin hadisi ba. Ita ce ma'aunin ɗaya da huɗu da biyu na Gheranda Samhita, an rage ta, an cire sunayen alloli an sa sunan Allah. A nan ne al'ada ta rikiɗe. Ƙa'idar da malamai suka tabbatar ita ce asali a al'adu halasci ne, asali a ibadu kuwa tsayawa ne ga abin da aka shar'anta. Muddin numfashin atisaye ne, yana cikin faɗin halasci. Da zarar an ɗaura masa zikiri mai adadi da lokaci da siffa da falala, ya shiga gonar ibada, inda ake neman dalili. Wannan shi ne abin da Shaɗibi ya kira bidi'a ilafiyya a Al-I'itisam: asalin zikirin shar'antacce ne, yanayin da aka ƙulla masa ne ba shi da tushe. Garin neman gira an rasa ido.

Maganar fuskantar gabas da hudowar rana tana da wani tarko na musamman a ƙasar Hausa. A wurinmu gabas ita ce alƙibla, har ana cewa mutum ya ba gabas haƙƙinta in ya yi salla. Bahaushe da ya ji an ce ya fuskanci gabas zai ɗauka Ka'aba ake nufi. Ga mutumin Indiya kuwa Makka tana yamma. Gabas ɗinsa mahudar rana ce. Shari'a ta hana nafila a daidai hudowar rana, hadisin Amru bin Abasa a Sahihu Muslim ya kuma bayyana cewa lokacin ne masu bautar rana ke yi mata sujada. In an hana salla, wadda ta Allah ce tsantsa, a wannan lokaci don gudun kamanceceniya, ina ga keɓe shi da wani aiki da aka aro daga inda ake girmama ranar?

Duba kafar hanci kafin fita kuwa camfi ne, irin wanda hadisan Buhari da Muslim suka kore, kuma irin wanda Shehu Usmanu ya yaƙa a Nurul Albab tare da bugun ƙasa da duban taurari. Musulmi yana da istihara da shawara.

Wani zai ce: ai zikirin anfasu da 'yan Ƙadiriyya ke yi a Kano da sauran garuruwa shi ma haɗa numfashi da ambato ne. Amsa ita ce saɓanin malamai a kan wannan zikiri tsoho ne, kowane ɓangare da hujjojinsa, ba kuma shi ne abin tattaunawar wannan maƙala ba. Abin lura kawai shi ne waɗanda suka halatta shi sun ɗaure shi da silsila da izinin shehi, kuma abin da aka sani a zawiyoyin ƙasar nan babu toshe kafar hanci ko rana da wata a cikinsa. Muryar WhatsApp ta faɗi a ma'auni biyun: a wurin mai neman nassi ba ta da nassi, a wurin mai neman silsila ba ta da silsila.

Saura da'awar barin magani. Imamu Gazali, a babin tawakkali na Ihya'u Ulumid Din, ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: tabbatacce, da wanda ake kyautata zaton amfaninsa, da wanda wahami ne. Maganin hawan jini da aka gwada a kan dubban mutane yana cikin mafi ƙarfin kashi na biyu. Cewa numfashi kaɗai zai warkar da ciwon suga yana cikin na uku. Barin mai ƙarfi a kama mai rauni ba tawakkali ba ne, kuma wanda ya yi wa mutane wannan fatawa alhali ba likita ba ne yana da kaso a alhakin abin da ya same su.

7.0 Kammalawa

Abin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne kamar haka. Sassauta numfashi, ko da ta sauya kafofin hanci ne, halas ne a matsayin sababi na samun natsuwa, matuƙar babu kalmomin bauta, babu ƙudurta magudanai da rana da wata, babu keɓe lokaci ko fuska don neman falala, kuma bai kai ga barin magani ba. Haɗa shi da kiran allolin Hindu shirka ce, wanda ya yi cikin rashin sani a sanar da shi da hikima. Yin duba da shi haramun ne. Jingina shi ga Annabi (SAW) ƙarya ce da ya wajaba a janye. Wanda ya ambaci Allah a lokacin da yake yin sa, kamar yadda yake ambatonsa a gona ko a kan babur, ba tare da ƙirƙirar adadi ko falala ba, bai yi laifi ba. Wanda kuma ya bar shi baki ɗaya don tsantseni, ko don tsoron kada ya ja shi zuwa azuzuwan da ake farawa da numfashi a ƙare da kalmomin bauta, ya yi abin da yake da hujja, amma ba shi da ikon ɗora wa wasu.

Ina ba sassan nazarin addinin Musulunci na jami'o'inmu shawara su riƙa haɗa ɗalibai da malaman likitanci a irin waɗannan mas'aloli, domin sababbin abubuwa za su ci gaba da shigowa ta waya fiye da yadda fatawa ke iya bin su. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa kada mai hawan jini ya ajiye maganinsa sai da izinin likita.

Baffa ya koma shan ƙwayarsa. Yana yin numfashin da dare kafin ya kwanta, ba riƙewa ba ƙirga, ya ce yana taimaka masa ya sami barci. Matashin nan kuma, bayan zama biyu da muka yi da shi da na'ibin, ya koma sahu, ko da yake har yanzu yana ganin barin aikin ya fi. Na ce masa wannan ra'ayi ne da yake da damar riƙewa, muddin zai riƙe shi a bayan limaminsa.

Allah ne Mafi sani, Shi ne kuma Mai datarwa zuwa ga daidai.